Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga iyayen yara 'yan jimnastik, a kan rigimar maki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwana iyaye mata da maza, musamman mu Hausawa mazauna Amurka da muka tsinci kanmu muna jigilar 'ya'ya zuwa ɗakunan horon jimnastik, ina gaishe ku da ɗawainiya. Allah ya saka da alheri, ya raya mana zuri'a.

Kakar gasa ta ƙarato, kuma na tabbata gardamar da muka kwana a kanta bara za ta sake tashi, a kujerun 'yan kallo da wurin ajiye motoci. Gara in faɗi tawa a rubuce tun da sauran sanyi, kafin allon maki ya fara ɗaga mana hankali.

Mun rabu gida biyu. Wasunmu na cewa kuɗi muke zubawa, mai muke ƙonawa, ba wasan gaɗa muka kawo yarinya ba. In ba ta haura maki 36 cikin 40 a jimlar wasanni huɗu ba, to akwai wanda bai yi aikinsa ba, ko ita ko kocinta. Hujjarsu a kullum ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sauran kuma na cewa yara ne, in dai ta sauko lafiya tana dariya alhamdu lillahi, maki ba komai ba ne. Waɗannan suna yi wa waɗancan kallon marasa tausayi, waɗancan suna yi wa waɗannan kallon masu sakaci. Na zauna da kowane ɓangare na saurara, abin da na lura shi ne dukkanmu muna faɗa a kan wata lamba da yawancinmu ba mu san yadda ake haɗa ta ba.

Ba laifinmu ba ne gaba ɗaya. Mun taso a gidajen da ranar ba da sakamakon jarrabawa tambaya ɗaya ake yi: na nawa kika zo? In kika ce na biyu, a ce ita wadda ta zo na ɗaya kai biyu gare ta? Da wannan ido muka shigo wasan nan. To amma a aji kowa takarda ɗaya ya amsa, kuma biyu a tara da biyu huɗu ne ko wane malami ya duba. Makin jimnastik ba haka yake ba.

A tsarin da hukumar USA Gymnastics ke bi wajen 'yan mata, matakai goma ne. Daga na 1 zuwa na 5 wasan tilas ne, kowace yarinya abu ɗaya take yi, kiɗa ɗaya, motsi ɗaya. Daga na 6 zuwa na 10 ne koci ke tsara wa kowa nata. Wasanni huɗu ne: tsallaken tebur, sanduna biyu masu tsawo daban-daban, siririn katakon nan da faɗinsa santimita 10 ne kacal, da wasan ƙasa. Yarinya tana farawa da maki 10 a hannu in ta cika sharuɗɗan matakinta, alƙali kuma aikinsa ragewa ne. Ta faɗo, rabin maki ya tafi. Ta lanƙwasa gwiwa inda ya kamata ta miƙe, ana iya cire har 0.3. Ta ƙara taku wajen dira, har 0.1. Ta saki yatsun ƙafa, 0.05. Duk wannan a cikin wasan da wani ko minti ɗaya bai kai ba, tsallaken tebur ma 'yan daƙiƙu ne, kuma a ƙananan gasanni mutum ɗaya ko biyu ne ke zaune suna rubutu da ido ɗaya a kan yarinya, ɗaya a kan takarda. Abin da ke fitowa a allo lissafin kurakuran da aka gani ne a wannan karon, daga wannan kujerar. Ba a ƙara mata komai don jiya ta kwana da mura, ko don wata uku da suka wuce ba ta iya wannan juyin ko kusa.

Ga kuma inda na fi so mu tsaya mu duba da kyau, don nan ne ake yi mana rufa-ido. Maki 38 da maki 34 ba sa gaya maka wace yarinya ta fi wata, sai ka san matakin da kowacce take da kuma shekarun da ta yi a kai. Hukuma ta sa mafi ƙarancin makin da za a samu kafin a haura mataki, amma kowane ɗakin horo yana da nasa ra'ayin a kan haka. Wani koci da zarar yarinya ta kama sababbin dabaru sai ya ɗaga ta, ta je sabon mataki tana ta fama da 33 da 34. Wani kuma ba ya ɗagawa sai ta goge sumul, ko da za ta maimaita mataki shekara biyu ko uku, ta riƙa kwasar 37 da 38 tana tara lambobin yabo. Sai a haɗu a gasa ɗaya: 'yar da bana ta fara hawa sanda da wannan dabarar da ake ce wa kif, wadda ita ce ke wahalar da yaran mataki na 4, da 'yar da ta shekara biyu tana yinta har ma tana atisayen abubuwan mataki na 6. Ta biyun za ta hau dandamali, ta farkon za ta koma gida hannu rabbana. Uwar ta farkon kuma ta shiga mota tana huci, tana tunanin canza ɗakin horo.

Su masu ɗakunan nan ba yara ba ne, sun san abin da ke kawo musu ciniki. Iyaye suna bin kofuna da tutocin da aka rataye a bango. Muddin mu ne ke auna koci da yawan zinaren 'yan shekara takwas, to mu ne ke ba shi dalilin danne yara a matakin da suka riga suka wuce. Akwai lokacin da maimaita mataki shi ne daidai, idan tushe bai zauna ba, ko tsoro ya shiga. Amma wannan hukunci ne da ya kamata a yanke don jikin yarinyar da hankalinta, ba don hoton da za a saka a Facebook ba.

Matsayin da ake kira a ƙarshen gasa ma ya fi makin rauni. Ana raba yara rukuni-rukuni gwargwadon ranar haihuwa, don haka 9.2 na iya zama na ɗaya a wannan rukuni, ta zama na bakwai a na kusa da shi. Alƙalan wannan gari sun fi na wancan sakin hannu. Na farkon kaka daban, na gasar jiha daban. Amma duk da haka sai ka ga uwa ta raba dare a shafukan nan da ke ajiye makin kowane yaro, tana bin sakamakon 'yar maƙwabciyarta gasa bayan gasa. Wallahi abin kunya ne, mu daina.

In kuna ganin ƙananan gasanni ne kawai ke da wannan tangarɗa, ku dubi manya. A Olamfik ta Atina a 2004, alƙalai sun yi kuskure suka fara lissafin Yang Tae-young na Koriya ta Kudu daga 9.9 maimakon 10 a wasan sanduna. Ya ƙare da tagulla, Paul Hamm na Amurka ya ɗauki zinare, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai wannan 0.1 ɗin ba. An dakatar da alƙalai uku, amma zinare bai motsa ba. Wannan rikici na cikin abin da ya sa a 2006 hukumar duniya ta yi watsi da tsohon tsarin maki 10 a gasannin manya, ta raba maki biyu, na wahalar wasa da na tsaftar aiwatarwa. Shin an huta? A Faris a 2024, an ƙara wa Jordan Chiles ta Amurka 0.1 a wasan ƙasa bayan kocinta ta yi ƙorafi, makinta ya koma 13.766, ta haura Ana Bărbosu ta Romaniya mai 13.700, aka rataya mata tagulla. Bayan 'yan kwanaki kotun wasanni ta ce ƙorafin ya makara da daƙiƙa huɗu, aka mayar da lambar ga Bărbosu, Chiles ta ɗaukaka ƙara. Waɗannan su ne ƙwararrun alƙalan duniya, ga kyamarori ta kowace kusurwa. To mu kuma a kan 0.1 na wata gasar Asabar muke hana yarinya walwala har gida?

Yanzu bari in juyo kanku, 'yan uwana masu cewa maki ba komai ba ne, don ku ma ban sallame ku ba. Yarinyar nan ta iya karatu. Ta ga 7.8 a allo, ta ga ƙawayenta sun hau dandamali ita tana zaune a ƙasa. In kika tare ta da "kin fi kowa, alƙalan ne ba su da ido", kin koya mata abu biyu marasa kyau: cewa maganarki ba abin dogara ba ce, da kuma cewa duk abin da bai yi mata daɗi ba laifin wani ne. In kuma kika ce "ba komai, ai wasa ne", alhali ta yi wata da watanni tana zuwa horo sau uku ko huɗu a mako, tafin hannunta duk ya yi kanta ya fashe, kin raina abin da ita ta ɗauka da girma. Ki bar ta ta ji zafin. Ba sai kin yi huɗuba ba, ki rungume ta, ki ba ta abinci.

Sannan makin yana da amfani, sai dai amfaninsa na koci ne fiye da namu. Ba don ƙawa kaɗai ake cire maki a kan lanƙwasasshen hannu ko dira da ƙirji a ƙasa ba. Yarinyar da ke alkafura ta baya da hannu a lanƙwashe, wata rana kanta ne zai taɓa ƙasa. Idan maki ya tsaya cik a wasa ɗaya kaka guda, tambaya ce da ya dace a kai wa koci cikin mutunci: me ake cirewa, me ake yi a kai? Wanda ya biya kuɗin wata, da na rajistar gasa, da na riguna, da na otal, yana da haƙƙin jin amsa. Kuma buri ba zunubi ba ne. Kaylia Nemour tana da shekara 17 ta ci wa Aljeriya zinare a wasan sanduna a Faris, lambar Olamfik ta farko da wata ƙasar Afirka ta samu a jimnastik. Uche Eke, haifaffen nan Amurka, shi ne ɗan jimnastik na farko da ya wakilci Najeriya a Olamfik, a Tokiyo. Yaron da ya ga waɗannan ya ce shi ma yana so, kada mu kashe masa gwiwa da sunan tausayi.

Sai dai burin ya zama nasa ne, kuma mu san girman ƙofar. 'Yan mata biyar ne Amurka ta tura Faris a ƙungiyarta. Jami'o'in ƙasar nan da ke da ƙungiyar jimnastik ta mata ba su kai 100 ba duka-duka, kuma galibi daga mataki na 10 suke ɗiba. Wanda ke zuba dubban daloli a shekara da niyyar tallafin karatu zai mayar masa, da ya ajiye kuɗin a asusu da ya fi kusa da biyan buƙata. Ga wanda 'yarsa ke son wasan amma ba ta son ya cinye rayuwarta, akwai tsarin Xcel mai ƙarancin sa'o'i, kuma ba faɗuwa ba ce a koma can, ko da wasu na yi masa kallon hadarin kaji.

Makin ƙuruciya kuwa bai cika faɗin gobe ba. A watan Yulin 2013 Simone Biles ta yi ta faɗuwa a wata gasa ta cikin gida har kocinta ta janye ta kafin a gama. A watan Oktoban shekarar ta zama zakarar duniya a Antwerp. Rebeca Andrade ta Burazil sau uku jijiyar gwiwarta na tsinkewa, a 2015 da 2017 da 2019, ita ce kuma ta doke Biles a wasan ƙasa a Faris tana da shekara 25. Zamanin da Nadia Comăneci ta samu cikakken 10 a Montreal a 1976 tana 'yar shekara 14 ya wuce; tun 1997 doka ta ce sai mai cika 16 a shekarar za ta shiga gasar manya, kuma Biles tana da 27 ta kwashe zinare uku a Faris. Gaggawar me muke yi da 'yar shekara tara? Ƙasar Nowe tun 1987 take da ƙa'idar haƙƙin yara a wasanni, ba a fitar da jerin wa ya zo na nawa sai a shekarar da yaro zai cika 11, ba gasar faɗin ƙasar baki ɗaya sai a 13. Ba gwanayen jimnastik ba ne, gaskiya, amma ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan shida ba ita ta fi kowa lambobi a Olamfik ta hunturu a 2018 da 2022. Aƙalla hakan ya nuna jinkirta jeri bai hana fitar da zakaru.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, wanda shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan, ba lissafi ba ne. Yaro yana karanta fuskar iyayensa fiye da yadda yake karanta allo. Idan ya gane cewa ranar 9.5 ana fara'a a mota, ranar 8.2 kuma shiru ne har gida, zai yi duk abin da zai yi don ya tsare fara'ar. Abu na farko da zai fara ɓoyewa shi ne ciwo. Ƙasusuwan yaran nan ba su gama haɗewa ba, akwai wuraren girma masu taushi a wuyan hannu da diddige da ƙasan gwiwa, kuma wasan nan a kansu yake sauke nauyi dare da rana. Ciwon wuyan hannu da aka yi banza da shi na iya taɓa girman ƙashin. Ciwon baya da ke tashi in an lanƙwasa baya na iya zama tsagewar ƙashi. Hutun makonni kan wadatar in an kama da wuri. Yarinyar da ke tsoron rasa gasar jiha ba za ta faɗa ba sai abin ya gagara. Haka ma tsoro: wata rana sai ta wayi gari ta kasa yin juyin baya a kan katako, abin da ta shekara tana yi, sau da yawa don ta ƙara tsawo jikin ya canza mata. Ba taurin kai ba ne ba kuma shagwaɓa ba. Biles da kanta a Tokiyo a 2021 ta tashi da niyyar juyi biyu da rabi a sama, ta ɓace wa kanta ta yi ɗaya da rabi, ta janye. An zage ta iya zagi. Da ta biye wa masu zagin, Allah kaɗai ya san yadda za ta dira.

A da ana ba mu labarin Kerri Strug a matsayin jarumta: Atlanta, 1996, ta sake tsalle da raunin idon sawu, aka ɗauke ta a hannu zuwa dandamali. Daga baya lissafi ya nuna ko ba ta yi tsallen ba Amurka ta riga ta ci zinaren. Ku kuma nemi labarin binciken da lauya Anne Whyte ta fitar a Ingila a watan Yunin 2022, bayan karɓar bayanai sama da 400 a kan abin da ya faru daga 2008 zuwa 2020: yara ana auna nauyinsu a kai a kai, ana hana su abinci da ruwa, ana sa su horo da rauni, ana yi musu tsawa da wulaƙanci. A nan Amurka mun ga shari'ar Larry Nassar, tsohon likitan 'yan jimnastik ɗin Amurka, a Janairun 2018, inda mata sama da 150 suka tsaya gaban kotu suka faɗi cin zarafin lalata da ya yi musu. Ban ce iyaye ne suka jawo ba, Allah ya kiyaye, masu laifi su ne masu laifi, hukumomin da suka kau da kai kuma suna da nasu kason. Amma irin waɗannan mutane a inda yara suka koyi yin shiru suke samun wurin zama, inda kowa ke tsoron kada magana ta sa a cire 'yarsa daga ƙungiya. Mu kuwa dama mun taso da kunya da kawaici, mun koya wa 'ya'yanmu ba a musu da babba. Tarbiyya ce mai kyau, amma a ɗakin horo dole mu ƙara mata da cewa: in wani abu ya yi miki ciwo, ko wani ya yi miki abin da bai kwanta miki ba, ki faɗa mini, ko da gobe ne gasa, ba zan yi fushi ba. Kuma ranar da ta faɗa, kada mu yi fushin.

Don haka ga roƙona. Kafin gasar farko, kowa ya nemi zama da kocin 'yarsa ya tambayi abin da ake so ta iya zuwa ƙarshen kaka, dabara da sunanta, ba lamba ba. Ya tambayi dalilin da aka ajiye ta a matakin da take, da abin da ake yi in yaro ya ce yana jin ciwo. Kocin kirki zai ji daɗin tambayar. Wanda ya harzuƙa, ko ya ce iyaye ba sa kallon horo, ya riga ya ba ku amsa, kuma kofunansa ba su isa su rufe ta ba. A mota bayan gasa a bar yarinya ta fara magana. In ba ta ɗauko zancen maki ba, kada mu ɗauko. Gyaran gwiwa da yatsu aikin wanda muke biya ne, ranar Litinin zai yi. Mu kuma daina yi wa juna gori a kujerun kallo, don yaranmu suna ji, kuma ƙawaye ne tun kafin mu san juna.

Ku kuma iyaye maza, Alhazai, da ku nake. Da yawanku aiki ba ya barinku zuwa, sai dai waya da yamma: "Nawa ta ci?" Na san ƙauna ce, kuma ku ke biyan kuɗin. Amma ita abin da take ji shi ne Baba lamba yake jira. Ku samu yammaci ɗaya ku zo horo, ba gasa ba, ku zauna bayan gilashi ku ga yadda take hawa igiya da hannu zalla, ta faɗo daga katako ta sake hawa ba wanda ya ce mata ta hau. Horon 'yan mataki na 4 a wurinmu ƙarfe biyar yake farawa, akwai kujeru, kuma ana samun wurin yin sallar magariba a gefe.

Wassalamu alaikum.

'Yar uwarku,
uwar wata 'yar mataki na 4